Yadda ake ɗaye oksayid ɗin taitaniyom falle-falle har kaurinsa ya gaza nanomita ɗaya

Idan aka miƙo maka gorar da wannan aikin ya kammala a cikinta, ba lallai ka ɗauke ta a bakin komai ba. Ruwa ne fari-fari, kamar farau-farau. Amma ka ɗan juya ta a bakin taga, za ka ga wani sheƙi yana bin ruwan yana murɗawa kamar sabuwar shadda a rana. Wannan sheƙin na fallaye ne masu iyo a ciki, kowane falle kaurinsa bai cika nanomita 1 ba, wato kashi ɗaya idan an raba milimita gida miliyan. Faɗinsa kuwa ya ninka kaurin sau ɗaruruwa, wani ma ya kai dubu.

Mutane da yawa sun san labarin girafin, wato siririn fallen kabon, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɗaye daga jikin girafait da salatif a Jami'ar Mancesta a 2004, har ya kai su ga kyautar Nobel a 2010. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun 1996 Takayoshi Sasaki da abokan aikinsa a Tsukuba ta ƙasar Jafan suka nuna cewa ana iya warware wani oksayid na taitaniyom har ya koma falle ɗai-ɗai a cikin ruwa. Hanyarsu ce zan bi a nan, domin ita ce aka fi maimaitawa, kuma lissafinta a fili yake.

Salatif yana cin girafait ne domin fallayensa kwance kawai suke a kan juna, riƙon da ke tsakaninsu ba shi da ƙarfi. Oksayid ɗinmu ba haka yake ba. Kowane falle an gina shi ne da ƙwayar taitaniyom wadda ƙwayoyin oksijin shida suka kewaye, suna haɗe gefe da gefe. Kusan kashi 9 cikin ɗari na guraben taitaniyom ɗin babu kowa a ciki, kuma wannan giɓin ne ya bar wa fallen caji mai alamar ragi. A tsakanin falle da falle akwai ayon-ayon na siziyom, wato ƙwayoyinsa masu caji mai alamar ƙari, su ne suka ɗinke ginin kamar siminti tsakanin bulo da bulo. Don haka aikin gaba ɗaya musaya ce hawa biyu: a fitar da siziyom a sa haidirojin, sannan a fitar da haidirojin a sa wani ƙaton ayon mai jawo ruwa. Ruwan da ya kutsa shi ke raba fallayen. Wanda ya taɓa ganin baƙar laka ta fadama, mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, ya riga ya ga irin wannan: ruwa ne ke shiga tsakanin fallayen yumɓu yana ɗaga su.

Kayan aiki da kariyar jiki

Kana buƙatar garin TiO2, wato oksayid ɗin taitaniyom na yau da kullum, an fi son nau'insa da ake kira anatas, garin Cs2CO3, wato kabonet na siziyom, asid na HCl, da ruwan tetirabutil-amoniyom haidiroksayid, wanda kowa ke kira TBAOH a taƙaice. Sai tanderun ɗakin gwaji mai iya riƙe digiri 800 na Salshiyas na tsawon awa 20, ɗan kasko mai murfi na filatinom ko na alumina, ɗan turmin niƙa mai santsi, sikeli mai auna miligiram, gorunan roba na folifurofilin masu murfin murɗawa, na'urar jijjiga, na'urar wulwulawa mai kwantar da gari, da takardar gwajin pH mai nuna tsami ko kaifin ruwa.

Ruwa kuma dole ya zama tatacce, wanda aka cire wa duk gishirin da ke cikinsa. Ruwan famfo ko na burtsatse ba zai yi ba ko a wurin ɗauraye gora. Dalilin zai zo a gaba.

Siziyom ɗin da ake sayarwa a matsayin Cs2CO3 ba shi da tururin nukiliya. Na faɗi haka ne domin wasu na jin sunan sai hankalinsu ya tafi ga siziyom-137, wanda daban yake. Haɗarin da ke gabanka na asid ne da na TBAOH. Shi TBAOH dangin sodar yin sabulu ne wajen cin fata, kuma ɗigo ɗaya a ido na iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Safar hannu, tabarau mai rufe gefe, da rigar ɗakin gwaji, babu sassauci a kansu. Akwai ɗan'uwansa mai suna TMAOH da za ka gani a wasu rubuce-rubuce ana cewa yana ba da fallaye masu faɗi. Wannan guba ne mai ratsa fata, ya taɓa kashe ma'aikata a masana'antun kayan lantarki na Taiwan bayan ya zubo musu a jiki. Mai koyo ya bar shi tukuna.

Mataki na farko: gasa uwar

Uwar da za a ɗaye ita ce Cs0.7Ti1.825O4. Ana haɗa ta da mol 1 na Cs2CO3 ga mol 5.3 na TiO2 (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne). A awo na hannu, giram 3.26 na Cs2CO3 ke tafiya da giram 4.23 na TiO2, kuma za su ba ka kimanin giram 7 na uwa.

Kafin ka auna Cs2CO3, ka busar da shi a oba kamar awa biyu a zafin da ya ɗan wuce digiri 100, ka bar shi ya huce a rufe. Garin yana shan danshin iska da sauri ƙwarai. Da damina za ka ga lambar sikeli tana hawa kana kallo. Idan ka auna shi da danshinsa, ka auna ruwa ne a matsayin siziyom, kuma TiO2 zai yi rara a kaskon.

Ka zuba su a turmi ka niƙa na akalla rabin awa. Nan ne gajiya ke sa mutane yin ha'inci ga aikinsu. Garin TiO2 ba ya narkewa a digiri 800. Ƙwaya ce ke ratsa ƙwayar da take gogayya da ita kaɗai. Duk inda niƙa bai kai ba, gashi ma ba zai kai ba.

Ka sa a kasko, ka ɗora murfi ba tare da ka toshe ba, ka kai digiri 800 na awa 1. Wannan gashin na korar iskar CO2 ne. Idan ya huce ka sake aunawa: ya kamata nauyi ya ragu da kimanin giram 0.44. Ka sake niƙawa, ka mayar digiri 800 na awa 20. Ka fitar, ka niƙa, ka sake mayarwa na wasu awa 20. Abin da zai fito farin gari ne mai laushi.

Filatinom ya fi, domin ba ya hulɗa da siziyom, sai dai tsadarsa. Kaskon alumina yana yi, amma siziyom kan ɗan ci jikinsa, don haka ka bar abin da ya manne a gindi, kada ka kankaro shi cikin samfurinka. Idan kuma wuta ta ɗauke a tsakiyar gashi, uwar ba ta lalace ba. Ka rubuta awannin da tanderun ya yi a kan 800 na gaske, ka cike sauran daga baya.

Kada ka wuce nan sai na'urar XRD, mai auna tazarar jerin ƙwayoyi da hasken X-ray, ta yi magana. Da hasken tagulla da aka saba amfani da shi, babban tsinin farko a zanen da na'urar ke fitarwa zai tsaya wajen kusurwar digiri 10.3, wanda ke nufin tazarar nanomita 0.86 daga falle zuwa falle. Ka duba digiri 25.3 da kyau. Idan akwai tsini a nan, anatas ne da bai shiga ginin ba, sai a koma turmi da tanderu. Anatas ba ya ɗayewa, zai bi ka har ƙarshe yana gurɓata duk abin da ka auna.

Mataki na biyu: fitar da siziyom da asid

Ka haɗa HCl mai ƙarfin mol 1 a lita. Daga asid mai kauri na kashi 37 cikin ɗari, mililita 83 ake sa wa a cike zuwa lita 1. Ruwa ake fara zubawa, sannan asid a kansa a hankali, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi.

Ƙa'idar ita ce mililita 100 na asid ga kowane giram 1 na gari. Giram 5 ke nan a rabin lita. Ka bar shi yana motsawa a zafin ɗaki na awa 24, ka tsayar, ka bari ya kwanta, ka tsiyaye ruwan sama, ka zuba sabon asid. Sau uku ake yin haka, kwana uku ke nan.

Wani zai ce me zai hana a zuba lita ɗaya da rabi gaba ɗaya a huta. Musayar tana da komawa baya. Siziyom ɗin da ya fito yana nan a cikin ruwan, kuma idan ya taru sai ya fara komawa gurbinsa, a tsaya a tsaka-tsaki. Zubar da tsohon ruwa shi ke raba shi da hanyar komawa. Daidai yake da jiƙa kifi mai gishiri: sauya ruwa sau uku ya fi babban kwano ɗaya. Kada kuma ka ɗora a wuta don ya yi sauri, asid mai zafi yana iya rushe ginin fallen ya mayar da shi TiO2 na yau da kullum.

Bayan na uku, ka tace, ka yi ta wankewa da tataccen ruwa har takardar pH ta daina nuna tsami a ruwan da ke ɗigowa. Ragowar asid da ka bari za ta cinye TBAOH ɗinka a mataki na gaba, lissafinka ya tashi a banza.

Busarwa ita ce wurin da na fi son a tsaya a saurara. A iska ake shanya wannan garin, a zafin ɗaki, ba a oba ba. Abin da ke hannunka yanzu shi ne H0.7Ti1.825O4·H2O, kuma wannan H2O ɗin na ƙarshe yana zaune ne a tsakanin fallaye, shi ya tokare ƙofar da TBA, wato ƙaton ayon ɗin da ke cikin TBAOH, zai bi. Na taɓa ganin kwana bakwai na aiki ya tafi saboda an sa garin a oba a kan digiri 120 don a samu a auna kafin a tashi. Washegari aka zuba TBAOH, aka yi ta jijjiga mako biyu, garin yana kwance a gindin gora, ruwan sama garau kamar ba a sa komai ba. Ƙofar ta riga ta rufe. Ga masu aiki a Kano ko Zariya ko Damagaram, hunturu ma abin lura ne, domin iskar lokacin ta bushe ƙwarai. Ka ajiye garin a rufaffen mazubi tare da ɗan kofi na ruwan gishirin girki da ya ƙoshi har gishiri ya kwanta a ƙasa. Wannan yana riƙe danshin ciki a kan kashi 75 cikin ɗari.

Akwai shaidu uku da za su gaya maka musayar ta yi. Giram 5 na uwa zai dawo kimanin giram 3.5, domin siziyom mai nauyi ya fita. A XRD, tsinin farko zai matsa daga 10.3 zuwa wajen 9.4, tazara ta buɗe zuwa nanomita 0.94. Na ukun ba ya buƙatar babbar na'ura: ka auna giram 1 daidai, ka gasa a digiri 800, ka sake aunawa. Ya kamata ya rasa kimanin kashi 14 cikin ɗari. Idan abin da ya rasa ya gaza haka sosai, ko dai siziyom ya rage a ciki, ko ruwan tsakani ya riga ya gudu.

Mataki na uku: ɗayewar kanta

A nan komai ya rataya a kan lamba ɗaya: yawan TBA idan aka gwada shi da yawan haidirojin da ke cikin garin. Ɗaya ga ɗaya ake nema.

Ga lissafin. Nauyin mol ɗaya na H0.7Ti1.825O4·H2O giram 170 ne. Giram 0.4 ke nan milimol 2.35. Kowane milimol ɗaya yana ɗauke da milimol 0.7 na haidirojin mai musayuwa, don haka akwai milimol 1.65. TBAOH ɗin da za ka sa shi ma milimol 1.65 ne, a cikin mililita 100 na ruwa. Idan naka mai kashi 40 cikin ɗari ne, kimanin mililita 1.1 ke nan; idan mai kashi 10 ne, kimanin giram 4.3. Ka duba kwalbar ka tabbata na cikin ruwa ne, domin ana sayar da wani a cikin metanol. Tsohuwar kwalba da aka sha buɗewa kuma ta sha CO2 daga iska, ƙarfinta ya ragu, sai a auna ta da asid kafin a yarda da abin da ke rubuce a jikinta.

Ka haɗa ruwan a gorar roba, ka zuba garin, ka murɗa murfi sosai. Ana guje wa gilashi ne domin ruwa mai kaifin soda yana lasar jikinsa a hankali idan ya daɗe. Ka kwantar da gorar a na'urar jijjiga a matsakaicin gudu, wajen juyi 150 zuwa 180 a minti, ka bar ta kwana 7 zuwa 14 a zafin ɗaki.

Abin da ke faruwa a ciki ya cancanci a fahimce shi, domin da shi ne za ka gane matsala idan ta taso. Garin nan asid ne a daskare. Da ya haɗu da TBAOH, haidirojin na tsakanin fallaye yana fita ya haɗu da OH su zama ruwa. Fallayen ba za su zauna da cajinsu babu abokin daidaito ba, dole wani ya shiga gurbin, kuma babu kowa a wurin sai TBA. Shi kuwa ƙato ne, naitirojin ɗaya a tsakiya da hannaye huɗu na butil, faɗinsa ya kusa nanomita 1. Da ya kutsa sai rufin ya ɗaga. Cajinsa kuma a baje yake a kan babban jiki, ba ya riƙe fallen sama da na ƙasa da ƙarfi irin na siziyom. Daga nan sai ruwa ya biyo, domin ayon sun fi cunkushewa a tsakanin fallaye fiye da waje, kuma ruwa kullum can yake nufa. Tazara ta yi ta buɗewa har ta kai inda ɗan motsi kaɗan ya isa ya raba su. Shi ya sa ba a tsallake matakin asid: idan ka zuba TBAOH a kan uwa mai siziyom kai tsaye, babu abin da zai ja shi ciki.

Girman wannan kumburi ya wuce yadda ake zato. A 2013 rukunin Sasaki sun nuna ƙwayoyin wani taitanet mai ƙarfe a ciki suna miƙewa kusan ninki 100 cikin daƙiƙoƙi idan an sa musu wani sinadarin amin, sannan su koma yadda suke idan an zuba asid. A 2015 kuma masu bincike a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan sun nuna cewa fallaye na fara rabuwa tun a mintocin farko na haɗuwa. Duk da haka ina ba da shawarar a cika kwanakin, domin manyan ƙwayoyi ba sa ƙarasa warwarewa da wuri, kuma su ne za su cika maka gindin gora.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tunanin cewa ƙarin TBAOH zai ƙara kyau. Idan ya gaza rabin abin da ake buƙata, wasu ƙofofin kaɗai zai shiga, yawancin garin ya zauna yadda yake. Daga ɗaya ga ɗaya har wajen biyar ga ɗaya ana samun ɗayewa. Amma idan aka tula shi ninki goma ko ashirin, ruwan waje ya cika da ayon, jan da ke kai ruwa ciki ya yi rauni, turin da fallaye ke yi wa juna ya dushe. Za su kumbura amma su tsaya a jere kamar littafin da ya jiƙe bai yage ba. Sasaki da Mamoru Watanabe sun bayyana wannan dalla-dalla a 1998.

Game da jijjiga: ɗaukewar wuta na 'yan awanni ba ta ɓata komai, ka girgiza da hannu safe da yamma. Abin da ke ɓatawa shi ne garaje. Wankan sauti mai ƙarfi da ake sa kwalabe a ciki yana kammala aikin da wuri, amma yana farfasa fallayen su koma gutsattsari. Idan faɗi kake nema, ka bi a hankali.

Mataki na huɗu: tacewa da tabbatarwa

Ka tsayar da gorar kwana ɗaya. Abin da bai ɗaye ba zai kwanta. Ka tsiyaye na sama, ka wulwula shi a ƙaramin gudu, kamar juyi 2000 zuwa 3000 a minti na minti goma, ka sake ɗebe na sama. Gudu mai tsanani, sama da 10,000, yana kwantar da fallayen kansu su zama wani abu mai yauƙi kamar kamu. Wannan yana da amfani idan kana son wanke rarar TBA: ka zubar da ruwan sama, ka sake dama kamun da tataccen ruwa.

Gwajin farko da ido ne. Ka ɗiga kaɗan a kofin tataccen ruwa, ka haska ɗan tocilan na leza ta gefe. Za ka ga zaren hasken a fili yana ratsa ruwan, kamar yadda hasken rana ke bayyana idan ya shigo ta ƙofar ɗaki mai ƙura. Wannan yana nuna akwai ƙananan abubuwa masu iyo, amma bai ce falle ɗai-ɗai ba ne. Sheƙin nan mai murɗawa ya fi shi ƙarfin shaida, domin abu mai faɗi da siranta ne kaɗai ke jeruwa da gudun ruwa haka.

Gwaji na biyu da na'urar auna shan hasken UV ne. Ka sirka mililita 1 zuwa lita 1, wato ninki dubu, ka sa a ɗan mazubin kwaz, domin gilashi da roba suna shanye hasken kafin ya kai ga samfurin. Za ka ga tsini mai kaifi wajen nanomita 265, tsayinsa kusa da 1 idan kusan duka garin ya ɗaye. Idan ka samu 0.5, ka san rabi ya tafi a gindin gora. Wannan tsinin shi ne sa hannun fallen. Anatas na yau da kullum yana fara shan haske daga ilektaron-bolt 3.2 a ma'aunin kuzarin haske, shi kuwa fallen sai wajen 3.8, saboda tsananin sirantarsa ta matse ilektaron ɗin da ke ciki.

XRD ma tana da abin faɗa, kuma tana rikita masu farawa. Idan ka auna kamun yana jiƙe, tsinin 9.4 ya ɓace, sai wani tudu mai faɗi. Haka ake so, jeri ya watse. Idan ka bar shi ya bushe a kan gilashin, sabon tsini zai fito wajen digiri 5, tazarar kimanin nanomita 1.7, da 'ya'yansa a bayansa. Ba gazawa ba ce. Fallayen ne suka sake kwanciya a kan juna da TBA da ruwa a tsakaninsu.

Hukuncin ƙarshe na na'urar AFM ne, mai shafa saman abu da tsinin allura. Ka wanke ɗan yankin silikon, ka tsoma shi minti 20 a ruwan folima mai caji mai alamar ƙari, irin su PEI ko PDDA, ka ɗauraye. Ka sirka ruwan fallayenka ninki 50, ka tsoma silikon ɗin minti 20, ka ɗauraye, ka busar a rufe saboda ƙura. A hoton za ka ga faci-faci masu shafaffen sama, faɗinsu daga kashi ɗaya cikin goma na maikuromita zuwa maikuromita 1, wato nanomita 1000. Tsayinsu zai nuna wajen nanomita 1.1 zuwa 1.2, alhali lissafin ginin ƙwayoyi yana ba da kimanin 0.75. Bambancin na ruwa ne da ayon da suka manne a sama da ƙasa. Inda ka ga ninkin wannan tsayin, falle biyu ne suka hau juna.

Ajiya, da abin da ake yi da su

Yanzu ga dalilin hana ruwan famfo. Fallayen suna iyo ne domin duka cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna. Ka ɗiga musu asid, ko ruwa mai kalsiyom da magniziyom irin na rijiya, nan take za su dunƙule su zama farin curi-curi su bar ruwa garau, daidai yadda madarar waken suya ke tsinkewa idan mai awara ta zuba ruwan tsami. Wani lokaci da gangan ake yin haka, a zuba KOH ko HCl don a samu gari mai yawan ƙofofi. Amma idan ba ka nufa ba, gora ɗaya da ba a ɗauraye da tataccen ruwa ba ta isa. Ka ajiye ruwan a rufe, a inuwa, pH ɗinsa ya zauna a 9 ko sama. A haka yana yin watanni. Ruwan asid mai siziyom da ka tsiyaye kuma a tara shi a jarka mai suna a jiki, kada a zuba a kwata.

Tsomawar nan da ka yi don AFM ita ce kuma hanyar gina fim. Folima, ɗauraya, fallaye, ɗauraya, a sake. Kowane zagaye yana ƙara hawa ɗaya, kuma idan a kan kwaz kake yi za ka ga tsinin 265 yana ƙaruwa daidai-wa-daida. Idan ka haska fim ɗin da UV, fallayen da kansu suke cinye folimar da ke tsakaninsu. Idan ka gasa shi sama da digiri 500, ya koma siririn anatas.

Wanda siziyom ya yi masa tsada yana iya farawa da K0.8Ti1.73Li0.27O4, wanda ake haɗawa daga TiO2 da kabonet na fotasiyom da na litiyom a zafin da ya ɗan fi na farko. Asid yana fitar da su biyun, a samu H1.07Ti1.73O4·H2O, don haka 1.07 za ka sa a lissafin TBA a maimakon 0.7. Irin wannan uwar ce ake renon manyan ƙwayoyinta a cikin narkakken molibdet a digiri 1200, a samu fallaye masu faɗin gomman maikuromita. KCa2Nb3O10 ma hanyar ɗaya ce, sai dai gashinsa ya haura digiri 1100, musayarsa tana son asid na naitirik mai ƙarfin mol 5, kuma mol ɗaya cur na haidirojin ne a kowane mol. Oksayid na manganis, wanda aka ɗaye a 2003, ruwansa ba fari ba ne, launin ƙasa-ƙasa yake fitowa kamar shayi ba madara.